Kurakuran Da Ya Kamata 'Yan Kasuwa Su Kauce Wa Wajen Tallata Haja Ta Wasiƙar Intanet Da Saƙon Waya

Gabatarwa

Ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe suna kudancin Jihar Sakkwato, kuma suna daga cikin ƙananan hukumomi 23 da jihar take da su. Garin Tambuwal yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Jega, ita kuwa Kebbe ta yi iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara. Mafi yawan al'ummar wannan yanki manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, waɗanda suke hada-hadar gero da dawa da wake da gyaɗa da shinkafa da albasa da dabbobi.

Tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta shigo Nijeriya, salon ciniki ya sauya ƙwarai. A da, sai fatake sun yi takakkiya zuwa kasuwa kafin su san farashin kaya. A yau kuwa, mai sayar da taki a Dogon Daji ko shugaban ƙungiyar manoma a Kuchi yana iya sanar da masu saye na Kano da Ibadan da Legas abin da yake da shi ba tare da ya bar rumfarsa ba. Sai dai wannan sauƙi ya zo da nasa haɗarin, domin saƙo guda da aka aika ba bisa ƙa'ida ba yana iya zubar da mutuncin da ɗan kasuwa ya yi shekaru yana ginawa, har ma ya kai shi gaban hukuma.

An shirya wannan bayani ne domin 'yan kasuwa da ƙungiyoyin gama-kai da masu makarantu masu zaman kansu da kuma jami'an ƙananan hukumomi. Jigonsa guda ne: adireshin mai saye da lambar wayarsa amana ce a hannun ɗan kasuwa, kuma kusan dukkan kurakuran da za a lissafa sun samo asali ne daga mantawa da hakan.

Mene Ne Talla Ta Wasiƙar Intanet?

Wasiƙar intanet, wadda aka fi sani da imel, saƙo ne da ake rubutawa a kwamfuta ko a waya, a aika zuwa adireshin wani ta yanar gizo. Idan aka yi amfani da ita domin sanar da mutane haja ko farashi ko wata hidima da nufin su saya, to an yi talla ke nan. A karkararmu ba a cika amfani da imel tsakanin maƙwabta ba, amma duk wanda yake hulɗa da kamfanonin sarrafa amfanin gona ko bankuna ko hukumomin ba da tallafi ya san cewa da wuya harkarsa ta tafi ba tare da shi ba. Haka kuma, kusan duk mai riƙe da wayar Android yana da adireshin Gmail, ko da bai taɓa buɗe shi ba, domin da shi ake sauko da manhajoji.

Ya kamata mai karatu ya lura cewa ƙa'idojin da suka shafi imel su ne suka shafi gajeren saƙon waya da ake kira tes, da kuma saƙon WhatsApp. Saboda haka za a riƙa kawo misalai daga hanyoyin nan uku baki ɗaya.

Kuskure Na Farko: Aika Talla Ga Wanda Bai Nema Ba

Wannan shi ne uwar kurakurai, kuma tsoho ne. A shekarar 1978 wani jami'in talla na kamfanin kwamfuta na DEC a Amurka, mai suna Gary Thuerk, ya aika wa kimanin mutum 400 wasiƙar talla a lokaci guda ba tare da sun nema ba, lamarin da ya jawo ƙorafi mai zafi. Ana ɗaukar wannan a matsayin tallar imel ta farko da aka cusa wa jama'a.

A yankinmu wannan kuskure yana zuwa ta fuskoki da dama. Wani yakan kwashe lambobin mutanen da suke zauren WhatsApp na masallaci ko na tsofaffin ɗalibai ya shiga tura masu talla. Wani yakan sayi jerin adireshi daga hannun masu cewa suna da dubban sunayen attajirai. Wani kuma yakan jefa mutane cikin zauren kasuwancinsa ba tare da ya tambaye su ba. Duk wannan tamkar kutsawa gidan mutum ne ba sallama.

Illar abin ba ta tsaya ga ɓacin ran mai karɓa ba. Kamfanonin da suke kula da imel suna lura da yawan mutanen da suka kai ƙarar mai aikawa. Tun daga watan Fabrairun 2024, Google ya gindaya wa masu aika wasiƙu zuwa Gmail sharaɗin kada ƙorafin da ake yi a kansu ya kai uku cikin dubu. Wanda ya zarce haka, wasiƙunsa sukan faɗa akwatin tarkace da aka rubuta wa Spam, inda ba a cika dubawa ba, har da wasiƙun da yake aika wa abokan cinikinsa na gaskiya. Shi ma WhatsApp yana rufe lambar da jama'a suka yawaita kai ƙararta.

Hanyar da ta dace ita ce ɗan kasuwa ya ajiye littafi a shago, duk wanda ya zo sayayya a tambaye shi ko yana son a riƙa sanar da shi sabon kaya. Idan ya amince, a rubuta sunansa da lambarsa ko adireshinsa da ranar da ya amince. Mutum 50 da suka yarda da kansu sun fi mutum 5,000 da ba su san mai saƙon ba.

Kuskure Na Biyu: Bayyana Adireshin Kowa Ga Kowa

Sau da yawa mai aika imel yakan zuba adireshin mutane da yawa a gurbin farko, ko a gurbin da aka rubuta wa CC. Idan aka yi haka, kowane mai karɓa zai ga adireshin sauran. A nan an yi hasara biyu: an tona sirrin mutanen da suka ba da amana, an kuma miƙa wa abokan gasa jerin abokan ciniki a ɓagas. Dillalin albasa da ya aika wasiƙa ga masu saye goma ta wannan hanya ya nuna wa kowannensu inda sauran suke sayen kaya.

Maganin wannan mai sauƙi ne. Akwai gurbi na uku da aka rubuta wa BCC, wanda yake ɓoye sunayen masu karɓa daga junansu. A WhatsApp kuma akwai jerin watsa saƙo, wanda yake ɗaukar lambobi har 256, kowa ya karɓi saƙon shi kaɗai. Sharaɗinsa shi ne sai wanda ya ajiye lambar mai aikawa a wayarsa ne saƙon zai isa gare shi, kuma wannan ma wata shaida ce ta amincewa.

Kuskure Na Uku: Rashin Bayyana Kai

Wasiƙar da ta zo daga adireshi mai laƙabin wasa ko tarin lambobi, babu sunan shago, babu sunan gari, babu lambar waya, da wuya mai hankali ya amsa ta. Dalili kuwa shi ne 'yan damfarar da ake kira 419 sun daɗe suna amfani da imel wajen yaudarar jama'a a ciki da wajen ƙasar nan, har majalisa ta yi doka ta musamman a kan irin wannan zamba a shekarar 2006. Wannan ya sa ɗan kasuwar Nijeriya mai gaskiya sai ya ninka ƙoƙari kafin baƙo ya yarda da shi.

Ya wajaba kowace wasiƙa ta ƙunshi cikakken sunan kasuwancin, da inda yake, wato gari da unguwa ko layin kasuwa, da lambar wayar da za a kira a samu mutum. Wanda ya yi wa kasuwancinsa rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC ya sanya lambar rajistarsa. Bugu da ƙari, sunan da ke kan asusun banki ya dace da sunan da ke kan wasiƙar. Babu abin da ya fi saurin korar mai saye kamar a ce masa ya tura kuɗi cikin asusun wani ƙane ko aboki.

Kuskure Na Huɗu: Kambama Haja Da Alkawarin Ƙarya

Wasu sukan rubuta wa wasiƙa kai mai jan hankali wanda ba ya da alaƙa da abin da ke ciki, kamar a ce "ka ci kyauta" ko "tallafin gwamnati ya fito", alhali tallar maganin feshi ce. Wasu sukan ɗora hoton kayan da ba nasu ba, ko su ce kaya sun kusa ƙarewa alhali sito cike yake. Mai saye yana iya ruɗuwa sau ɗaya, amma ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a garuruwanmu da kowa ya san kowa labari ba ya kwana.

Dokar Gasa Da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC take aiwatarwa, ta haramta bayanin ƙarya ko na yaudara game da haja. Masu tallar magani, na bature ko na gargajiya, su sani cewa ba a tallata magani sai da rajista da amincewar hukumar NAFDAC. Su ma masu sayar da iri su tabbatar irin da suke tallatawa ya samu shaidar Hukumar Kula Da Irin Shuka ta Ƙasa. Manomin da aka sayar wa mugun iri ba kuɗinsa kaɗai ya yi hasara ba, damina guda ce ta wuce shi tare da abincin iyalinsa.

Kuskure Na Biyar: Barin Bayanin Da Mai Saye Yake Bukata

Akwai wasiƙun da za a cika su da doguwar gaisuwa da kirarin shago, a ƙare ba a faɗi farashi ba. Gaisuwa al'adarmu ce kuma ba a barinta, amma ta kasance gajera. Abin da mai saye yake nema shi ne: wane kaya ne, wane iri, nawa ne, da wane ma'auni, a ina za a ɗauka, kuma zuwa yaushe farashin zai tsaya.

Batun ma'auni yana da muhimmanci na musamman. Buhun taki, kamfa ne ko yuriya, kilo 50 ne, amma buhun hatsi da na albasa sukan bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, haka ma mudu da tiya. Mai saye a Legas ba lalle ne ya san buhun da ake nufi a Sanyinna ba. A faɗi nauyi da kilo, a kuma fayyace ko kuɗin lodi da na mota suna cikin farashin. Tunda farashi yana saurin sauyawa, a rubuta ranar da aka sanya shi. Yawancin rigingimun da ake kaiwa gaban sarkin kasuwa daga irin wannan giɓi suke tasowa.

Kuskure Na Shida: Rashin La'akari Da Harshe Da Wayar Mai Karɓa

Ba kowa ne yake karanta Turanci ba, kuma akwai dattawa da dama da suka fi sakewa da ajami a kan boko. Ga irin waɗannan, saƙon murya na minti ɗaya da Hausa ya fi doguwar wasiƙa amfani. Ga kamfanin da ke kudu kuwa, a nemi wanda ya iya Turanci ya duba wasiƙar kafin ta tafi.

Haka nan, kusan kowa a waya yake karanta saƙo, kuma da kuɗinsa yake sayen data. Gmail yana barin a liƙa wa wasiƙa kaya har megabait 25, amma a ƙauyen da sabis ba shi da ƙarfi, hoto mai nauyi ko bidiyo ba zai buɗe ba. Hoto ɗaya ko biyu marasa nauyi sun wadatar, kuma a rubuta farashi da haruffa, kada a bar shi cikin hoto kaɗai.

Masu aika tes su san wannan: saƙo guda yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an sa harafi mai lanƙwasa ko da ɗaya ne, kamar ƙ ko ɗ ko ɓ, sai adadin ya koma 70, abin da ya wuce haka a caje shi a matsayin saƙo na biyu. Wanda ya zaɓi ya bar lanƙwasa domin rage kuɗi ya sake karanta saƙonsa, domin akwai kalmomin da ma'anarsu take sauyawa, kamar kaya da ƙaya, ko kasa da ƙasa.

Kuskure Na Bakwai: Yawan Aike Da Rashin Sanin Lokaci

Ko zuma ce, idan ta yi yawa takan gundura. Wanda yake tura talla kullum safe da yamma, ba da daɗewa ba za a daina buɗe saƙonsa. Sau ɗaya a mako, ko lokacin da sabon kaya ya iso, ya isa. A guji aikawa da tsakar dare, da lokutan salla, da lokacin huɗubar Juma'a. Ranar jajibirin kasuwa ta fi dacewa, domin a lokacin ne mutane suke lissafin abin da za su saya.

Kowace haja da lokacinta. Tallar taki da iri tana da amfani ne gabanin faɗuwar damina, ta injin ban-ruwa a farkon noman rani, ta buhuna da maganin adana hatsi da kaka, ta raguna kuma gabanin Babbar Salla. Har ila yau, a raba jerin abokan ciniki gida-gida. Ba a aika wa makiyayi tallar irin shinkafa, ba a kuma aika wa mai sayen mudu biyu farashin tirela.

Kuskure Na Takwas: Toshe Ƙofar Fita

Wanda ya amince jiya yana da 'yancin ya janye yau. Kowace wasiƙa ta ƙare da bayanin yadda mutum zai ce a daina aiko masa, kuma idan ya faɗa a cire sunansa nan take, ba tare da gardama ko jin haushi ba. Wanda aka sallama cikin mutunci yakan dawo, wanda aka matsa wa kuwa ƙara yake kaiwa.

A ɓangaren tes, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fito da lambar 2442 a shekarar 2016. Duk mai layin da ya aika kalmar STOP zuwa wannan lamba, za a tsayar masa da saƙonnin talla da bai nema ba. Ɗan kasuwar da ya biya kuɗin aika tes ga tarin lambobin da bai san masu su ba, ya sani cewa wani kaso na kuɗinsa ya tafi a banza.

Kuskure Na Tara: Sakaci Da Tsaro Da Kuma Adana Bayanai

Mutane da yawa a shagon kwamfuta ko wajen masu cajin waya aka buɗe masu imel, kuma har yau wani ne yake riƙe da kalmar sirrinsu. Wanda ya mallaki kalmar sirri yana iya rubuta wa abokan cinikin mutum da sunansa, ya ce an sauya lambar asusu, kuɗi su tafi inda ba za su dawo ba. Ya kamata a sauya kalmar sirri, a kunna tsaro mai mataki biyu, a kuma sanar da abokan ciniki cewa ba a sauya asusu ta hanyar saƙo sai an tabbatar da baki. Ɗan kasuwa na gari ba ya tambayar lambar BVN ko lambar sirrin kati ko lambar wucin-gadi da banki yake turowa. Shi ma kada ya saki kaya saboda hoton rasit, sai ya ga kuɗi a asusunsa.

Kada kuma a dogara da waya kaɗai. A watan Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. Darasin da ke ciki shi ne waya tana iya ɓata, sabis yana iya ɗaukewa, amma littafin da aka rubuta sunayen abokan ciniki aka kulle a akwati yana nan.

Abin Da Doka Ta Tanada

A watan Yunin 2023 aka sanya hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. A ƙarƙashinta, suna da lambar waya da adireshin imel duk bayanan mutum ne da doka take karewa. Dokar ta bayyana cewa shirun mutum ba amincewa ba ne, cewa yana da ikon janye amincewarsa a kowane lokaci, kuma idan ya ƙi a yi amfani da bayanansa wajen talla, wajibi ne a daina. Tarar da ta tanada tana iya kaiwa naira miliyan 10 ga manyan masu sarrafa bayanai, ko naira miliyan 2 ga sauran, ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa.

Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ita kuma ta tanadi hukuncin ɗauri ko tara ga wanda ya yi shigar burtu da sunan wani domin karɓar bayanan sirrin jama'a ta hanyar saƙo. Masu son fitar da kaya waje su sani cewa can ma akwai irin waɗannan dokoki: Amurka ta yi tata a kan tallar imel a 2003, Tarayyar Turai kuma ta fara aiki da dokar kare bayanai mai tsauri a 2018.

Nauyin Da Ke Kan Jami'an Ƙananan Hukumomi

A hannun jami'an sashen noma da na walwalar jama'a da malaman gona da sakatarorin ƙungiyoyi akwai jerin sunayen manoma da na masu cin gajiyar tallafi, tare da lambobin wayarsu. An karɓi waɗannan bayanai ne domin wani aiki takamaimai, kuma bai halatta a miƙa su ga ɗan kasuwa ko ɗan kwangila domin talla ba, ko da ɗan'uwa ne. Dokar 2023 ta hau kan hukumomin gwamnati kamar yadda ta hau kan 'yan kasuwa.

Haka kuma, ana jan hankalin jami'ai da su raba saƙon ofis da na kasuwancin kansu, domin idan jama'a suka saba ganin talla daga layin da ake sanar da su rabon taki ko allurar rigakafin dabbobi, ranar da sanarwa ta gaskiya ta zo ba za su kula ba. Ana kuma roƙon iyayen ƙasa da hakimai da limamai da shugabannin kasuwa da su taimaka wajen isar da wannan bayani ga waɗanda ba su iya karatu ba.

Kammalawa

Kafin ɗan kasuwa ya danna maɓallin aikawa, ya tambayi kansa abu huɗu. Shin mutanen nan sun yarda in rubuta masu? Shin za su gane ni ne, su kuma san inda za su same ni? Shin zan iya maimaita abin da na rubuta a gaban sarkin kasuwa, kaya na ajiye a gabana? Shin na bar masu hanyar cewa ya isa? Idan amsar ɗaya daga ciki a'a ce, to a gyara kafin a aika.

Ana kira ga al'ummar Tambuwal da Kebbe da su rungumi waɗannan hanyoyin sadarwa domin bunƙasa sana'o'insu, tare da riƙe gaskiya da amanar da aka san kasuwanninmu da su tun kaka da kakanni. Allah Ya sa albarka a cikin nema, Ya kuma ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.